GYARA KO SABO? LISSAFIN KAYAN GIDA DA MUKE YI A BAIBAI

Rubutun yau da ɗan tsawo, amma maganar aljihu ce, wani ɓangaren ma maganar rai ce. A daure a kai ƙarshe, musamman magidanta da iyayenmu mata masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo.

Kusan kowane gida a Dutse yana da maƙabartar kaya. Daga Takur zuwa Gida Dubu, daga Yalwawa zuwa Danmasara, ka leƙa sito ko bayan ɗaki za ka gan su: fanka biyu da suka daina juyawa, firjin da ya koma kabad ɗin kwanuka, dutsen guga mai yankakkiyar waya, janareton da aka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ba a gyara ba, ba a kyautar ba. Suna nan suna jiran ranar da ɗan jari-bola zai buga ƙofa ya ɗora su a sikeli.

A cikin gidan nan dai, ka shiga falo za ka tarar da sababbin kujeru da talabijin mai faɗin allo wanda har yanzu ana cire kuɗinsa daga albashi. Ka wuce kicin kuma ka ga tiyon gas ya tsattsage, soket ya yi baƙi, an naɗe waya da baƙin tef an ce "zai kai".

Ra'ayina ke nan a taƙaice: muna sauya abin da baƙo zai gani, muna zubar da abin da ƙaramin gyara zai tayar, muna kuma lallaɓa abin da zai iya tashin gobara cikin dare. Lissafin a baibai yake, kuma halin da ake ciki ya isa ya sa mu juya shi.

ME YA SA MAGANAR TA YI NAUYI YANZU?

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan wajen naira 460 ta tsallake 1,500 a 2024. Kayan lantarkin da muke amfani da su kuwa, ko dai daga waje aka shigo da su, ko an harhaɗa su a nan da sassan da aka shigo da su. Dala ta yi tari, firji ya kama mura.

Dutse garin ma'aikata ne. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da shi babban birni, kasuwar garin da albashi take numfashi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ka shiga kasuwar zamani ko shagunan Hakimi Street, ka tambayi kuɗin firiza matsakaiciya, ka raba da dubu 70, ka ga albashin wata nawa ne, ba ci ba sha.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: yadda sabo ya yi tsada, haka tsohon da ke gidanka ya ƙara daraja. Firjin da ka saya lokacin dala tana 360, yau jari ne. In ka bai wa ɗan gwangwan shi a kuɗin kilo, ka sayar da saniya a farashin fata.

ABUBUWAN DA SUKA CANCANCI GYARA

Mu fara da fanka, tunda daga Maris zuwa Mayu zafin Dutse yana haura digiri 40, kuma duwatsun da suka kewaye garin ba sa saurin hucewa. Fankar sama abu uku ne yawanci ke damunta. In tana juyawa a hankali kamar mai jin yunwa, ko sai an tura ta da sanda, galibi kafasita ce ta mutu, wani ɗan ƙaramin abu da bai kai akwatin ashana biyu ba. In tana ƙara, boris ne. In ta yi ƙauri ta tsaya cak, kwayil ne ya ƙone, shi ma ana sake naɗa shi. Tsofaffin fankokin nan masu nauyi, irin su KDK da SMC na da, wayar jan ƙarfe ce a cikinsu. Da yawa daga masu arahar yau alminiyon ne, ba nauyi, ba juriya. Ka jefar da mai nauyi ka sayo mara nauyi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai firji, wanda a nan ne aka fi cutuwa. Mutum ya ga firji ya daina sanyi, sai zuciyarsa ta yanke cewa injin ya mutu. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai ɗan rile da ke tayar da kwamfreso, akwai abin da ke daidaita sanyi, akwai robar bakin ƙofa. Duk ƙananan abubuwa ne. Robar ƙofa ma kai da kanka za ka iya gwada ta: sa takardar naira a bakin ƙofar ka rufe, ka ja. In ta zare ba wata turjiya, sanyi na zurarewa, injin na aiki ba hutu, wutarka na tafiya a banza.

Kuma don Allah a riƙe wannan: gas ɗin firji ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa da amfani. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa. In ya ragu, to akwai huda. Duk mai gyaran da ya ce maka "gas ne ya ƙare" ya ɗura sabo bai nemo hudar ya toshe ba, ya yi maka alƙawarin dawowa ne bayan wata biyu. Hudar nan kuma sau tari mu muke yin ta. Hajiya, wuƙar da ake sawa ana ɓamɓaro ƙanƙara daga jikin firiza, ita ce ke huda bututun. A kashe, a bar ta ta narke da kanta.

Haka injin samo na rijiyar burtsatse. Da rani ruwa yana yin ƙasa, injin ya yi ta zuƙar iska har ya ƙone, ko kuma matsalar tana cikin akwatin makunninsa da ke sama. Kafin a zaro shi daga rami a ce sai sabo, a fara duba na sama. Famfon da ke ɗiga, wata 'yar roba ce a ciki. Keken ɗinki Butterfly ko Singer na kakanninmu, mai da goge ƙura kawai yake nema, zai aurar da jika. Kujerar da ƙashinta katako ne na gaske, a kai wa kafinta ya sake soso da yadi, ta fi sabuwar da aka yi da garin katako wadda damina ɗaya ke kumbura ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

WANDA KE KASHE KAYAN BA TSUFA BA NE KAƊAI

Kafin ka sayi sabo, tambayi kanka me ya kashe tsohon. In ba ka gano ba, sabon ma hanyar zai bi.

Kayanmu an ƙera su ne su yi aiki da wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. Kowa ya san irin wutar da ke zuwa wasu unguwanni, wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. A irin wannan wutar kwamfreso yana yunƙurin tashi ya kasa, ya yi zafi, ya sake yunƙuri, har ya ƙone. Wani lokacin kuma a ɗauke a dawo da ita cikin daƙiƙa kaɗan, alhali injin firji yana buƙatar hutun minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi. Wani lokacin ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima ta cinye duk abin da ta tarar a jone.

Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, Kano da Katsina da Jigawa, yankin KEDCO gaba ɗaya, da sauran jihohi suka shafe fiye da mako guda a duhu. Masu ƙanƙara sun ji a jikinsu. Da yawa suka koma ɗora firiza a kan ƙaramin janareton da bai isa ya ɗauke ta ba, wanda shi ma hanya ce ta kashe inji.

Saboda haka sitabilaiza mai kyau, ko ɗan abin nan da ake sawa a soket yana jinkirta wuta na wasu mintuna kafin ya sake ta, ba kayan ƙawa ba ne. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin kwamfreso ba. A kuma janye firji daga jikin bango iska ta samu hanya, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga bayansa, kada a ajiye shi inda rana ke dukansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

ABUBUWAN DA BA A LALLAƁA SU

Nan ne nake so mu tsaya da kyau.

Gidaje da yawa a Dutse an gina su ne a shekarun farko bayan samun jiha. Wasu sun haura shekara 20, wasu 30. Lokacin da aka yi musu wayarin, abin da aka lissafa shi ne ƙwan fitila, fanka, rediyo, talabijin, in an yi yawa firji ɗaya. Yau gidan nan yana ɗauke da firiza biyu, na'urar sanyaya ɗaki, injin wanki, injin jan ruwa, hita, da butar lantarki. Kaya sun ƙaru, waya tana nan yadda take, sai ma tsufa da ɓeraye da zafin kwano da suka cinye rigarta.

Masu wayarin suna da ƙa'ida. Waya mai kauri 1.5 ta fitilu ce. Soket 2.5 yake so. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka suna son 4, kuma kowanne da layinsa. Amma je ka duba: an jona na'urar sanyi a layin fitila, an haɗa firiza da dutsen guga da hita a kan soket ɗin tafi-da-gidanka guda ɗaya na araha. Fis ya tsinke, maimakon a tambayi dalili, sai a sa masa waya mai kauri don kada ya sake tsinkewa. Malam, fis an yi shi ne don ya mutu a madadinka. In ka hana shi mutuwa, wayar cikin silin ce za ta yi zafi, kuma ita ba ta tsinkewa sai ta kama da wuta.

Duk hunturu sai mun ji labarin gobara a gidaje da shaguna da kasuwanni, a yi jaje, a ce wutar lantarki ce, a wuce. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi. Soket ɗin da ke zafi in ka taɓa, makunnin da ke tartsatsi, ƙaurin roba da ba a san daga ina ba, waɗannan ba a yi musu tef. A cire, a sa sabo mai kyau, a kira wanda ya san aikin ya bi layin gaba ɗaya. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti kuwa, in rigarta ta fashe, wurinta bola.

Sai gas. Tun da kalanzir ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma tukunyar gas, har a ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Tukunyar gas tana da wa'adi. Ƙa'idar hukumar SON ita ce shekara 15, tare da gwaji duk bayan shekara biyar, kuma shekarar da aka ƙera ta tana rubuce a jikinta. Mu nawa ne muka taɓa dubawa? Tukunyar da gindinta ya yi tsatsa, ko aka yi mata walda, ba abin ajiyewa kusa da yara ba ce. Tiyo in ya bushe ya fara tsagewa, a sauya. Kan gas in yana huci, a sauya. Gwajin ma kyauta ne: a kaɗa ruwan sabulu a shafa a mahaɗar, in ya yi kumfa yana tasowa, gas na fita. Kada a gwada da ashana, don Allah.

Abin takaicin, duk waɗannan su ne mafi araha a jerin. Kuɗin tiyo da kan gas da soket biyar bai kai kuɗin labulen falo ba. Amma labule ake gani.

ABUBUWAN DA KE CIN KA A ƁOYE

Akwai kashi na uku: kayan da suke aiki lafiya, amma cin wutarsu ya fi amfaninsu. Nan sai an ɗauki biro.

A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa sama da 200 kaɗan. Mu lissafa da 200 don sauƙi, wanda ba ya Band A ya sa nasa farashin. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, guda goma, awa shida kullum, yunit 108 ne a wata. Ƙwan LED mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya, yunit 16 ne. Bambancin yunit 92, wato sama da naira dubu 18 a wata. Shi ya sa kusan kowa ya bar tsohon ƙwai ba tare da an yi masa wa'azi ba. Wannan canji ne mai hankali.

To fanka fa, da na gama yabon tsohuwa? Ya danganta da inda wutarka ke fitowa. Fanka ta gargajiya tana cin wajen wat 75, sababbin nan na DC wajen wat 30. A awa 12 kullum, bambancin yunit 16 ne a wata, kusan naira 3,200 a farashin Band A. Wanda wutarsa ba ta kai wannan tsada ba, ko ba ta ma zuwa awa 12, gyaran tsohuwar ya fi masa. Amma wanda ya koma sola, lissafinsa daban. Fanka uku na gargajiya, awa goma na dare, suna shan 2,250. Babban batir mai lamba 200 ɗin nan, duka abin da ke cikinsa 2,400 ne, kuma irin mai ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Fanka uku na DC kuwa 900 za su sha. Ka ga a nan sauya fanka ya fi sayen ƙarin batir araha nesa ba kusa ba. Tsohuwar kuma kada ta tafi maƙabarta: a gyara ta a kai masallacin unguwa, ko makarantar Islamiyya, ko gidan ɗan uwa.

YAUSHE ZA A HAƘURA DA FIRJI?

Ni a ganina alamomi uku ne. In kwamfreso ya ƙone karo na biyu bayan an sauya. In hudar tana cikin jikin bango inda ba a kai wa gare ta sai an farke shi. In gindin ya ruɓe da tsatsa, jikinsa na gumi, soson cikin ya sha ruwa. In biyu daga cikin ukun nan suka haɗu, kuma kuɗin gyaran ya doshi rabin kuɗin sabo, to a yi masa sallama. Haka wanda ya tsufa har yana amfani da gas ɗin R12, wanda duniya ta amince a daina tun yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Irin wannan gas ɗinsa ma wahalar samu yake, ga cin wuta.

Ga mai sana'a kuwa akwai ƙarin lissafi. Matar da ke sayar da ƙanƙara da kunun aya, musamman da azumi, firizarta ita ce shagonta. Kwana biyar a wajen mai gyara, cinikin kwana biyar ne ya tafi, wataƙila har da masu saye. In firiza ta fara kai ta wajen gyara duk wata, zubin adashe don sabuwa ya fi. Mai amfanin gida yana iya haƙuri da abin da mai sana'a ba za ta iya ba.

Sai 'yan Baljiyam, wato na hannu da ake kawowa daga Turai ta Legas da Kwatano, mu je Kano mu saro. Akwai masu kyau a ciki, ban musa ba. Amma mu sani, wani ne ya gama cin ƙuruciyarsu, kuma an ƙera da yawansu don ƙasashen sanyi da wutar da ba ta rawa. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013 saboda cin wutarsu, har ta yi shirin karɓar tsoho a rage wa mutum kuɗin sabo. In za ka sayi na hannu, a jona shi a gabanka ya yi awanni, ka ga sanyinsa, ka ga yana hutawa yana tashi. Wanda ya ce maka "ba gwaji", ka ce masa ba ciniki. Araha ba ta ado.

"AI MASU GYARAN NE BA AMANA"

Na san wannan ce amsar da za ta fi yawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Akwai wanda za ka kai wa abu da ciwo ɗaya ya dawo da uku. Akwai mai cire na asali ya sa jabu. Akwai mai "dawo gobe" har wata uku. Akwai mai naɗa kwayil da alminiyon ya karɓi kuɗin jan ƙarfe. Akwai wanda bai duba bayan firji ya ga irin gas ɗin da aka rubuta ba, alhali na zamani da yawa R600a suke amfani da shi, wanda ke kamawa da wuta in aka kusanto shi da walda ba a yi hattara ba. Irin waɗannan su suka sa mutane suka yanke ƙauna da gyara, suna kashe kasuwarsu da hannunsu.

Amma mu ma masu kai gyaran mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mutum zai biya dubban ɗaruruwa a shagon sabo ko tayi bai yi ba, amma ya zo wajen mai gyara ya yi ta ja-in-ja a kan ladan aiki kamar ana cinikin akuya a kasuwar Shuwarin. Ka matse shi har ba riba, ka ce kuma ya sa maka na asali. Daga ina?

Abin da ke rage rigima kaɗan ne. A biya kuɗin dubawa daban, ya faɗi ciwon kafin ya taɓa komai. A raba kuɗin kaya da ladan aiki. In da hali ku je sayen kayan tare. Ya dawo maka da tsohon da ya cire. Ku yi magana a kan kwana nawa zai tsaya wa aikinsa, a gaban shaida. In ka samu mai amana kuma, ka riƙe shi, ka biya shi da kyau, ka tallata shi. Mai gyara nagari a unguwa kamar likitan gida yake.

KAYAN ƊAKI DA IDON MUTANE

Ba zan rufe ba sai na taɓo wannan, ko da za a ji haushi. Wani kaso mai yawa na sabon da muke saye ba buƙata ce ta kawo shi ba, "me za a ce" ne. Uba ya ci bashi, ya sayar da gona ko shanun noma, don a jera wa amarya firji da firiza da injin wanki da na'urar ɗumama abinci, a gidan hayar da wuta ke zuwa awa huɗu. Bayan shekara biyu rabinsu ba a taɓa jonawa ba, garantinsu ya ƙare a cikin kwali. Sallah ta zo, a sauya kujerun da ba abin da ya same su. Ma'aikaci ya karɓi kaya a kan "biya sannu-sannu", a yi ta yankar albashinsa shekara guda, a ƙarshe ya biya abin da ya fi farashin kasuwa nesa.

Ba na cewa kada a ji daɗi. Wanda Allah Ya hore wa ya saya, halalinsa ne. Amma a bi layi: waya da gas tukuna, sannan abin da ke kawo kuɗi ko yake rage kashewa, sannan na ado. Daidai ruwa daidai tsaki.

INA GWAMNATI TA SHIGO?

Abin mamaki, waɗanda suke da kuɗin sayen sabo su ne suke komawa gyara. Tun 2021 Faransa ta wajabta a liƙa wa wasu kayan lantarki maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu, mai saye ya gani kafin ya biya. A shekarar ce Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera firji da injin wanki su ci gaba da samar da kayan gyaransu na shekara bakwai zuwa goma, a 2024 kuma ta yi dokar 'yancin gyara. Mu da gyara yake cikin jininmu, daga mai facin taya zuwa mai ɗinkin ƙwarya, bai kamata mu sake shi yanzu ba.

Matsalar ita ce kayan sun canza. Firji da na'urar sanyi na yanzu masu inbata ne, da allon lantarki a ciki. Talabijin ya zama falle ɗaya. Sola ta shiga ko'ina. Wanda ya koyi aiki a kan kayan shekara 20 da suka wuce, in bai ƙaro ilimi ba, lalube zai yi. Muna da Kwalejin Fasaha ta Jiha a nan Dutse, muna da Jami'ar Tarayya tun 2011, muna da cibiyoyin koyar da sana'a. Roƙona ga gwamnatin Malam Umar Namadi: a cikin shirye-shiryen tallafa wa matasa, a ware gajerun kwasa-kwasai na yamma don masu gyaran da suke bakin aiki yanzu, a ba su shaidar ƙwarewa da kayan gwaji, ko da bashi ne mai sauƙi. Duk abin da aka gyara a Dutse, kuɗin ya zauna a Dutse. Duk wanda aka ɗora a mota aka kai Kano, ko aka jefar aka sayo sabo, kuɗin ya bar jihar. Hukumar SON kuma ta riƙa leƙa shagunan waya da soket da tukwanen gas, domin jabun waya ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba. 'Yan kwana-kwana su ma su riƙa zagaya unguwanni da gidajen rediyo da faɗakarwa kafin sanyi ya shigo.

KAFIN KA YANKE HUKUNCI

Duk abin da ya lalace a gidanka, yi masa tambaya uku. Zai iya kashe mutum ko ya tayar da gobara? In e, a sauya yau, ba ciniki. Yana cin wuta ko mai ko lokacin sana'a fiye da kuɗin sabo in an lissafa shekara ɗaya zuwa biyu? In e, a fara tari. In duka biyun a'a ne, a nemi mai gyara, a kuma nemo abin da ya kashe shi.

Yau da daddare, in an kawo wuta, ka zagaya gidanka ka ɗora bayan hannunka a kan murfin kowane soket da ke ɗauke da kaya mai nauyi, ka ji ko yana zafi. Gobe da safe a shafa wa tiyon gas ruwan sabulu, a duba shekarar da ke jikin tukunya. Ba ko sisi a ciki.

Masu gyara da masu wayarin da ke cikinmu, ku kuka fi mu sanin aikin, ku ƙara mana da abin da kuke gani kullum. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da asara, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu. Amin.